Yashin da Ya Shiga Jek ɗin Halliru

A bakin hanyar da ta gangara kogi, a garin Wudil, akwai garejin wani bakanike mai suna Halliru. Shi ba ya taɓa injin mota. Tun yana saurayi aikinsa ɗaya ne, gyaran jek ɗin tifa, wato dogon ƙarfen nan da yake miƙewa ya ɗaga bodin mota ta juye yashi idan aka tura masa man haidirolik da ƙarfi. Da ɗaure tiyon da ya fashe ya fara, a gindin wata darbejiya. Bayan wasu shekaru ya kafa rumfar kwano ya sayi injin walda, daga baya kuma ya samo tsohon injin sassaƙar ƙarfe daga wata masana'anta da ta rufe a Kano.

Su huɗu ne a gidansa. Akwai shi, da matarsa Mairo, da 'yarsu Khaulat da take aji biyar a firamare, sai ƙanwarsa Sumayya, wadda take zaune a wurinsu tun tana karatun injiniya a jami'ar garin. Ɗaki ɗaya Sumayya da Khaulat suke kwana. Ita take yi wa yarinyar kitso, ita take duba mata lissafi, kuma ita kaɗai Khaulat take gaya wa abin da ya ɓata mata rai a makaranta.

Ba su rasa abinci ba, ba su kuma rasa masu kawo gyara ba. Abin da suka rasa shi ne jek na ƙirar hannunsu, wanda zai ɗaga kaya ya riƙe. Manoman Indabo da Utai suna da taraktoci masu jan tirela, suna kwasar taki daga kara, wato kasuwar shanu, zuwa gonaki kafin damina, amma tirelolin ba sa juyewa, sai an hau da shebur an sauke. Jek ɗin da ake kawowa daga waje ya fi ƙarfin yawancinsu. Sai Sumayya ta zana wanda zai dace da ƙaramar tirela, Halliru ya sassaƙa, suka sa wa aikin suna Bakin Gada Haidirolik, har mai fenti ya zo ya rubuta a jikin kwanon rumfar.

Na farko da suka ƙera ya ɗaga tirela har manoma suka yi tafi. Ba a jima ba ya fara zubar da mai, tirelar ta dinga saukowa a hankali da kayanta. Na biyu ma haka ya yi. Malam Mudassir, shugaban ƙungiyar manoman Indabo, ya dawo da shi a bayan babur, ya ajiye a gaban rumfa. Sai da aka gaisa, aka tambayi iyali da zafin rana, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Malam Halliru, ni ban cire rai ba, amma mutanena sun fara gunaguni. Ku ƙara yin guda ɗaya. In ya riƙe har muka gama kai taki, duk tirelolinmu naku ne. In ya zubar, to ka yi haƙuri, za mu koma wa shebur ɗinmu."

A makon ne kuma wani kamfani a Fatakwal ya kira Sumayya ya ba ta aiki. Ta faɗa musu ana cin abincin rana a tsakar gida.

"Yaya, na ce su ba ni zuwa faɗuwar damina. In wannan ya riƙe, ina nan. In bai riƙe ba, ba zan zauna ina cin tuwonka ina zane a banza ba."

"Wa ya ce miki tuwon ya dame ni?" in ji Halliru.

"Ni ya dama."

Khaulat ta tsame hannunta daga kwano. "Goggo, Fatakwal ta fi Kano nisa?"

"Na hana ki kira na Goggo, kina tsofar da ni," in ji Sumayya tana dariya. Amma ba ta amsa tambayar ba, Khaulat kuwa ta lura da haka.

Sumayya ta san abin da yake kashe jek ɗin. A cikinsa akwai sandar ƙarfe mai santsi kamar madubi, da zoben roba da yake rungume ta don kada mai ya fita. Ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga, duk hawa da sauka sai ta karce sandar ta yanki robar, daga nan mai ya samu hanya. Da ta buɗe na farko ta tace man da farin ƙyalle, ta ga yashi. Kafin a haɗa na biyu sai da suka tace mai, suka wanke kowane ƙarfe da fetur, suka yayyafa ruwa a ƙasa, suka kewaye teburin aiki da tamfol. Da ta buɗe shi ma, ga yashi. Abin da ba ta sani ba shi ne ta inda yake shiga.

Wata Asabar da hantsi Khaulat ta biyo ta gareji daga Islamiyya, sanye da farin hijabinta. Ta tarar da mahaifinta a bayan tamfol, ya shafe hannu da mai yana gwada robar jek na uku, Sumayya tana gefensa. Sai ga wata tifa ta hauro daga kogi tana ɗigar ruwa, ta tsaya. Direbanta, Lawan, Bazazzagi ne, tsohon abokin Halliru, kuma tsakaninsu ba a rasa tsokana.

"Ina Bakanon nan? Fito ka gaida ubangidanka!"

Halliru ya ɗaga tamfol ya miƙa masa wuyan hannu, kamar yadda makanikai suke yi in hannunsu da mai.

"Kai, kawo hannun nan gaba ɗaya," in ji Lawan, ya cafke tafin da hannu biyu. "Naka mai, nawa yashi, wa ya fi wani tsabta? Ina kwana, ina gajiya, ya Mairo, ya aikin Turawan naku?"

Ya riƙe hannun har gaisuwar ta ƙare. Ya leƙa bayan tamfol, ya ɗauki sandar jek ɗin ya duba fuskarsa a jikinta. "Wallahi ko gemuna ina gani. Injiniya, sannu da ƙoƙari." Bayansa masu lodin yashi biyu da suka sauko daga motar suka miƙo nasu hannun, Halliru ya karɓa.

Da suka tafi, Halliru ya dafa kan Khaulat ya ce ta wuce gida kada rana ta yi. Hannunsa ya bar shaida a farin hijabin. Sumayya ta jawo yarinyar tana faɗa, ta sa yatsa za ta goge, sai ta tsaya. Ta murza wurin tsakanin yatsu biyu. Ta sake murzawa.

"Yaya, kawo hannunka."

Ta juya tafinsa wajen rana. A cikin man da yake ƙyalli, ga ƙananan ƙwayoyin yashi sun manne a kowane layi.

"Mutum nawa kake gaisawa da su kafin azahar?"

Halliru ya dubi hannunsa, ya dubi hanyar kogi inda wata tifar take haurowa.

Da la'asar suka zauna a gida suna neman mafita, Khaulat tana gefe tana tsince wa mahaifiyarta shinkafa. Sumayya ta ce ya dinga wanke hannu bayan kowace gaisuwa.

"Mutum ya ba ni hannu, yana tsaye in ɗauki sabulu? Ai gara in zage shi."

"To ka sa safar hannu."

"In gaisa da Lawan da safa, kamar mai gudun ciwo?"

"To mu yi wa rumfar ƙofa, mu rufe in ana haɗi."

"Sumayya, mutanen nan su suka ɗauko ni daga gindin darbejiya. Ranar da suka zo suka ga ƙofa a rufe ina ciki, cewa za su yi Halliru ya samu injiniya ya fi ƙarfin gaisuwa. Jek ɗin ma wa zai yi mana tallarsa in ba su ba?"

"Shi ke nan, sai in fara haɗa kayana," in ji Sumayya. Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa maganar ta fi yi wa Khaulat nauyi.

Washegari Khaulat ta yanke shawarar kanta. Ta je gareji ba wanda ya aike ta, ta tsaya a bakin rumfa. Da motar Lawan ta tsaya ya diro yana kiran Bakano, sai ta sha gabansa.

"Baba Lawan, ina kwana. Don Allah ka daina gaisawa da Babana. Hannunka ne yake ɓata mana jek."

Lawan ya dubi tafinsa, ya goga a rigarsa, ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba.

"To, 'yar Bakano. Na ji."

Ya hau motarsa ya tafi. Daga ranar, in ya zo wucewa sai ya danna ham ya ɗaga hannu daga nesa. Labari ya bi bakin kogi, sauran direbobi ma suka fara yin haka. Rumfar ta yi shiru. Halliru yana aiki ba mai katse shi, amma ya daina waƙar da yake yi in yana sassaƙa, abincin da ake kai masa kuma yana dawowa da saura.

Bai daki Khaulat ba, bai ma ɗaga mata murya ba. Ya zaunar da ita a kan benci ya ce, "Abin da kika faɗa gaskiya ne. Amma ranar da aka haife ki, a motar Lawan aka kai mahaifiyarki asibiti, motar tana ɗauke da yashinta da komai. Sa hijabinki mu je."

Suka sami Lawan a bakin kogi ana yi masa lodi. Khaulat ta durƙusa ta ba shi haƙuri, hawaye yana zubo mata. Lawan ya ɗaga ta.

"Tashi, tashi. Ai laifin ubanki ne, Kanawa ba su iya tarbiyya ba." Ya juya wajen Halliru, wannan karon ba wasa a fuskarsa. "Amma da gaske hannuna ne?"

"Naka da nawa," in ji Halliru. "Ni ma ban san yadda zan yi ba."

A hanyar dawowa Khaulat ta kasa gane abin da ya kamata ta so. In direbobi suka dawo, yashi zai dawo, Sumayya ta tafi. In ba su dawo ba, mahaifinta zai ci gaba da zama shi kaɗai a rumfa kamar baƙo a garinsu.

Mairo ce ta kawo mafita, tana tankaɗen garin masara a tsakar gida. Duk kwanakin nan tana jin su ba ta sa baki ba.

"Baban Khaulat, in tambaye ka mana. Shekara nawa Lawan yana zuwa gidan nan?"

"Tun kafin in auro ki."

"Ya taɓa wuce zaure?"

"Wane irin wuce zaure? Yana hauka ne?"

"Ya taɓa jin haushi don bai wuce ba?"

Sumayya, da take wanki a bakin rijiya, ta saki rigar da take hannunta cikin bokiti.

"Ga ɗakin da nake ajiye buhuna," in ji Mairo, ba ta daina tankaɗe ba. "Da siminti a ƙasa, da silin a sama, taga ɗaya ce. Ku sassaƙa ƙarfenku a gareji, ku yi ta gaisawa har hannu ya gaji. In an gama a kawo nan a haɗa. Ba namijin da zai shigo, ba kuma wanda zai ce an wulaƙanta shi."

"To ai ni ma in na shigo za a yi sallama da ni a zaure, in fita in dawo da yashin," in ji Halliru.

"Wa ya ce kai za ka haɗa? Ga mai zanen nan. Ni kuma hannun da yake raba gari da tsakuwa ba zai gagara wanke ƙarfe ba."

Wannan ita ce gaɓar da ta yi wa Halliru wuya. A duk aikin jek, ba abin da yake so kamar haɗin ƙarshe, lokacin da sanda take shiga cikin roba da wani ɗan sauti mai taushi. Shekara da shekaru bai taɓa bar wa wani wannan ba. Ya tashi ya leƙa ɗakin buhunan, ya daɗe a tsaye, ya shafa bango ya duba yatsansa. Da ya fito sai ya ce, "Sai an yi masa fenti. Kuma robar nan ba a tura ta da ƙarfi, lallaɓa ta ake yi. Zan nuna muku."

Aka kwashe buhuna, aka wanke ɗakin, aka yi fenti, aka sa wa tagar gilashi. Sumayya ta shimfiɗa farar leda a kan tebur, ta ajiye takalma na musamman a bakin ƙofa. Halliru ya yi wanka ya sa wankakkiyar riga, ya zauna da su ya koya musu sa roba a kan wani tsohon jek, har sai da hannun Mairo ya saba. Daga nan ya koma garejinsa, ya yaye tamfol ɗin ya naɗe. Da motar Lawan ta zo wucewa, shi ya fita tsakiyar hanya ya tare ta.

"Sauko, Bazazzagi, ka karɓi gaisuwar ubangidanka."

"Ba na so 'yarka ta kai ni kotu," in ji Lawan ta taga.

"An ɗauke shari'ar, an mayar cikin gida. Kawo hannun."

Ranar haɗi, aka kawo ƙarafan a naɗe cikin leda. Mairo ta wanke su ɗaya bayan ɗaya, tana bin kowane lungu da yatsa, Sumayya tana dubawa a hasken taga. Khaulat ta roƙa a bar ta ta shiga. Sumayya ta ce sai ta wanke hannu har gwiwa ta ɗaure kanta, kuma ba za ta taɓa komai ba sai abin da aka miƙa mata. Suna cikin aiki aka yi sallama a zaure. Muryar Lawan ce.

"A gaida Injiniya da uwargida! A ce musu Lawan ne, yana nan inda ya saba tsayawa, da yashinsa!"

Mairo ta yi dariya har ta kusa sakin robar. Sumayya ta riƙe sandar, Mairo ta lallaɓa zoben, ƙarfen ya shige da ɗan sautin nan mai taushi. Suka toshe bakin da mai yake shiga, suka naɗe jek ɗin kamar jariri, sannan aka fitar da shi.

Malam Mudassir ya ɗaura shi a tirelarsa ya tafi. Daga nan sai jira. Taraktar tana wucewa ta kan gada da taki, tana dawowa ba komai, Khaulat tana leƙen ƙarƙashinta in ta gan ta a hanyar makaranta, ko za ta ga mai yana ɗiga. Kamfanin Fatakwal ya sake kira. Sumayya ta sauko da akwatinta daga kan kwaba ta goge, ba ta sa komai a ciki ba, ba ta kuma mayar da shi ba. Hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma yana watsewa.

Ruwan farko ya sauka wata Alhamis. Da safiyar Asabar sai ga taraktar Malam Mudassir ta tsaya a gaban gareji, tirelar cike da ƙasa mai laima, an rufe bayanta. Khaulat da Sumayya suna wurin, Lawan da masu lodinsa ma sun tsaya. Malam Mudassir ya ja ƙarfen da yake gefen kujerarsa, tirelar ta ɗaga sama da nauyinta. Ya kashe injin ya sauko, ya bar ta a haka. Sannan ya fara gaisuwa. Ya gaida Halliru, ya tambayi iyali, ya yi barka da ruwa. Ya gaida Lawan, ya gaida masu lodi ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi mai shayin da yake gefen rumfa jikin mahaifinsa. Khaulat ba ta jin ko ɗaya, idonta yana kan tirelar. Har aka gama, ba ta sauko ko kaɗan ba.

Malam Mudassir ya sunkuya ya zagaya bakin robar da yatsa, ya ɗago ya nuna musu. A bushe yake.

"Mun gama kai taki tun shekaranjiya," in ji shi. "Mutanen Utai ma sun ce in tambaya, yaushe za a fara nasu?"

Lawan ya yi kabbara, ya cafki hannun Halliru yana girgizawa. Sumayya ta juya baya ta goge ido da gefen mayafinta. Khaulat ta ja ta.

"Goggo, akwatin fa?"

"In mun koma ki mayar da shi kan kwaba. Kuma wallahi kika ƙara ce mini Goggo a gaban mutane, ke zan aika Fatakwal."

A shekarun da suka biyo baya ɗakin buhuna ya yi musu kaɗan. Suka gina wuri a bayan gari, suka fara ƙera jek na tifa da na motar ɗaukar kaya, ana zuwa saye daga Gaya da Dutse har Azare. Da mai zanen gini ya tambayi yadda suke so, Sumayya ta ce a yi zaure babba a gaba, da benci da randar ruwa, ɗakin haɗi kuma a can ciki. Matan unguwa da Mairo ta koya wa aikin su ne suke haɗi har yau.

Amma a ranar, Khaulat ba ta san da wannan duka ba. Tana tsaye a bakin rumfa tana kallon mahaifinta, hannunsa cikin na Lawan, mai da yashi sun cakuɗe, ga tirelar a sama ba ta motsa ba. Ta gane cewa ba sai an kori mutane ba kafin aiki ya yi kyau. Gaisuwa tana da wurinta, haɗin jek yana da nasa, kuma Sumayya ba za ta tafi ba.